Pai ɗin pikan na Ranar Godiya: tsakiyarsa ta ƙi kamawa, ku agaza min

Maƙwabciyar Kaka ta rubuta:

Assalamu alaikum. Iyayenmu da yayyenmu da suka riga mu zama a Amurka, don Allah ku taimaka min da shawara. Kwana tara suka rage min, kuma na riga na ɗauki alkawari.

Shekararmu huɗu ke nan a wani ƙaramin gari kudu da Atlanta, a jihar Jojiya. Gidan da ke jikin namu na wata dattijuwa ce baƙar fata, haifaffiyar nan, ta ba saba'in baya, mijinta ya rasu tun kafin mu zo. Lokacin da na haifi autata, ba uwa ba yaya a kusa, matar nan ce ke ƙwanƙwasa min ƙofa kullum da hantsi, ta karɓi jaririyar ta ce in je in yi wanka in ɗan runtsa. Sati shida cur tana yi min haka. Yarana Kaka suke ce mata, ita ma bakinta ya kama kalmar, da ita take sa hannu a duk katin da za ta ba su.

Duk shekara idan Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba ta zo, wato Ranar Godiya, 'ya'yanta da jikokinta sukan cika gidan, kuma ba ta taɓa zama cin abincin nan babu mu ba. Tun shekarar farko ta tambaye ni abin da ba ma ci. Daga ranar ta cire naman alade daga tukunyar ganyenta, maigidana kuma shi ke sayo talotalon daga shagon halal. Amma abin da kowa ke jira a teburin nan, babba da yaro, shi ne pai ɗin pikan. Ga 'yan'uwa na gida da ba su san shi ba: ku ɗauka kwano ne aka gina da kwaɓin fulawa da bota, aka zuba haɗin ƙwai da sukari da zumar masara a ciki, aka cika shi da 'ya'yan wata bishiya masu maiƙo da ake kira pikan, aka gasa. In ya yi daidai, samansa garas-garas, cikinsa da laushi da ɗan danƙo, wani abu tsakanin alewar gyaɗa da tuwon madara, kuma in an yanka sai yankan ya tsaya da kansa.

Bishiyar pikan biyu ce a bayan gidanta, mijinta ne ya dasa su. Tun ƙarshen Oktoba yarana ke tsinto mata abin da ya zubo, mun tara fiye da bokiti biyu. Bana amosanin gaɓɓai ya taso mata, yatsunta sun kumbura, ko murfin kwalba ba ta iya buɗewa. Ta ce min za ta sayi na kanti kawai. Tana faɗa tana kallon bishiyoyin ta taga, sai kawai na ji bakina ya ce ni zan yi. Ta ɗauko min wani kati da ya yi ja don tsufa, rubutun hannun mahaifiyarta: ƙwai 3, sukari kofi 1, zumar masara kofi 1, bota, banila, pikan, sai layin ƙarshe da ya ce a gasa har ya yi. Iyakar abin da ke ciki ke nan. Yanzu tana can wajen 'yarta ana duba hannun, sai Laraba jajiberin ranar za ta dawo, ni kuma ba na son in dame ta da waya tana fama da kanta.

Sau biyu na gwada. A na farko kwaɓin kanti na sayo, wanda aka riga aka murza. Na sa obin a 350 a ma'aunin zafi na nan Amurka, wato Farenhait, bayan minti 45 na ga saman ya yi duhu, tsoron ƙonewa ya sa na fitar. Na bar shi kamar minti 20 na sa wuƙa, sai cikin ya malalo kamar romo, pikan na iyo a kai. Ina naɗe kwalin zan jefa a shara idona ya faɗa kan jerin kayan da ke ciki, ashe da kitsen alade aka yi kwaɓin. Allah Ya taimake ni babu wanda ya kai baki.

A na biyu na yi kwaɓin da kaina, yadda nake yin na mit-pai: na bar bota ta yi laushi, na murje ta da fulawa, na zuba ruwa na cuɗa sosai har ya yi sumul. Minti 75 ya yi a obin. Wannan karon tsakiyar ta kama, amma bakin ya ƙone, kwaɓin ya janye ya zame ƙasa, haɗin ya bi ta bayansa ya manne da kwano, gindin kuma ɗanye. Sannan wata lomar da daɗi, wata kuma ɗaci ya cika miki baki.

To ina kuskuren yake? Yaya ake gane ya nuna ba tare da an ƙona shi ba? Ɗacin nan daga ina? Kuma banilar da katin ya ce, na ji an ce ta kwalba da barasa a cikinta. Ba na son in ajiye a gaban 'ya'yanta abin da zai sa su ce da an sani an sayi na kantin.


Hajiya ta Hiyuston ta rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya ba baiwar Allahn nan lafiya, Ya saka mata da alheri. Ke ma kin kyauta da ba ki bari ta sayi na kanti ba.

Shekarata 23 a Teksas, nan ma ƙasar pikan ce. Ita ce bishiyar jihar tun 1919, a 2013 kuma majalisar jihar ta ayyana pai ɗin pikan a matsayin pai ɗin Teksas. Duk Nuwamba nakan yi shida ko fiye, na gida da na abokan aiki. Kwantar da hankalinki, katin nan babu abin da ya same shi. Kusan shi ne ma'aunin da ke jikin kwalbar Karo, wato sananniyar zumar masarar da ake sayarwa a nan. Zumar ta shigo kasuwa a 1902, daga shekarun 1930 kamfanin ya yi ta yaɗa girkin, har wasu tsofaffi a kudu da sunan zumar suke kiran pai ɗin. Abin da katin bai faɗa ba yana hannun matan ne, sun ga iyayensu na yi ba sa bukatar a rubuta.

Bari in fara da tsakiyar. Ƙwai ne ke kama haɗin nan, ba wani abu ba. Yawan sukarin da ke ciki kuma yana jinkirta kamawar ƙwan, sai zafi ya ratsa tsakiya ya kai 200 a ma'aunin nan, wajen 93 a ma'aunin gida. Saman yana yin duhu tun kafin a je nan, shi ya ruɗe ki. Kada ki ƙara yi masa hukunci da launi. In kin ga ya yi duhun da kike so, ki yafa masa takardar alminiyam sama-sama, ki bar shi ya ci gaba. Ki sayi ɗan ma'aunin zafin nan mai tsinke, ba shi da tsada, ki soka a tsakiya. In ba ki samu ba, ga gwajin da nake koya wa 'ya'yana. Ki ɗan girgiza kwanon. Kin san kindirmo mai kyau a ƙwarya, in an taɓa sai ya motsa gaba ɗaya wuri guda? Haka ake so. In kin ga yana kai-komo kamar tsala, da saura. In kuma bai motsa ko kaɗan ba, ya kumbura har tsakiya ya tsattsage, an wuce gona da iri.

Kuma ko ya nuna, minti 20 bai isa a yanka ba. Yana hucewa yana ƙara kamawa. Awa biyu ita ce mafi ƙaranci, ni ba na sa wuƙa sai ya yi huɗu. Mafi kyau ki gasa ranar Laraba ya kwana. Ranar Alhamis ma obin ɗin kowa talotalo ya cika shi.

Sai kwaɓi. Nan ki ajiye duk abin da hannunki ya saba na mit-pai da cincin. Wannan kwaɓin ba ya son cuɗa, ba ya son ɗumi. Cuɗawar da kika yi ce ta tayar da danƙon fulawar, shi ya sa da ya ji wuta ya janye. Ga yadda nake yi don kwano mai faɗin inci 9: fulawa kofi 1 da kwata, gishiri rabin cokalin shayi, bota sanda ɗaya, wato giram 113, daga firij kai tsaye, a yanka ƙanana. Ki marmasa ta cikin fulawar da bakin yatsu da sauri, ki tsaya tun kina ganin gutsattsarin bota kamar ƙwayar wake. Su ne za su narke a wuta su bar kwaɓin fallo-fallo. Ki yayyafa ruwan ƙanƙara babban cokali 3, in bai haɗu ba ki ƙara ɗaya. Da zarar kin dunƙula a tafin hannu ya tsaya, ya isa, ko da kina ganin bai yi kyan gani ba. Ki naɗe a leda, firij awa ɗaya. In kin murza, ki sauke shi cikin kwanon a hankali ya zauna da kansa, kada ki ja shi don ya kai baki, duk abin da kika ja wuta za ta mayar. Ki sa kwanon a firiza minti 20.

Maganin ɗanyen gindi shi ne ki fara gasa kwaɓin shi kaɗai. Ki shimfiɗa takardar gashi a kai, ki cika da busasshen wake har baki don ya danne shi, obin a 400, minti 15. Ki kwashe waken ki mayar minti 5. Waken ba zai ƙara dahuwa da kyau ba, ki ajiye shi a kwalba don wannan aikin, nawa ya shekara biyar. In kin ga tsaga, ki liƙe da ɗan ragowar ɗanyen kwaɓi, sannan ki shafe cikin da farin ƙwai. Nan ne haɗin ya samu hanya ya bi ta baya a naki. Kwanon gilashi nake so saboda ina ɗagawa in ga launin gindin da idona.

Haɗin ciki kuwa ba wuya. Ƙwai 3 manya, ki kaɗa su kawai su haɗu, kada ki buga har su yi kumfa. Sukari kofi 1, zuma kofi 1, bota narkakkiya babban cokali 2 zuwa 4, ki bari ta huce kafin ki zuba don kada ta dafa ƙwan. Gishiri rabin cokalin shayi, kada ki manta shi, shi ke karya zaƙin. Pikan kofi 1 da rabi, ni nakan kai 2. Rabi in daddatsa, rabi in bar su ɓari-ɓari. Ba sai kin wahalar da kanki jera su ba, da kansu suke tasowa sama. Ki rage obin zuwa 350, ki ajiye kwanon a kan faranti a matakin ƙasa, ki zagaye bakin da alminiyam tun farko tunda ya riga ya ga wuta. Daga minti 50 ki fara dubawa. Kuma 'yata, obin da yawa lambar da ke jikinsu daban, zafin da ke ciki daban. Bakin da ya ƙone miki ya sa ina zargin naki. Ki rataya ma'auni a ciki ki gani.

Maganar banila gaskiya kika ji. Dokar ƙasar nan ta ce duk ruwan banilar da za a kira tsantsa sai ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin 100 na barasa. Ni ta gari nake amfani da ita, ko wadda aka rubuta babu barasa a jikinta, shagunan halal na da su. In kin samu sandar banilar kanta, ki tsaga ki kankaro baƙin cikin, babu abin da ya fi ta ƙamshi. Ki lura farar zumar Karo da banilarta take zuwa, baƙar kuma ɗanɗanon rake take da shi, ita nake saye. Wani abin kuma: gidaje da yawa a kudu suna zuba giyar da ake kira boban a cikin haɗin, kuma gashi ba ya kore ta duka. In wani ya kawo nasa teburin, ki tambaya kafin yara su ɗiba. Kwaɓin kanti ma ba duka ke da alade ba, akwai na bota da na man ganye, amma kullum sai an karanta.

In ya huce ki sa a firij, abin ƙwai ne, zai yi kwana uku zuwa huɗu. Ki fitar awa ɗaya kafin a ci. Sannan ki tambayi 'yarta ko cikin jikokin ko baƙin da za su zo akwai wanda jikinsa ba ya karɓar irin waɗannan 'ya'yan itace, a nan ba abin wasa ba ne.


Ɗalibin noma a Tifton ya rubuta:

Salamu alaikum. Hajiya ta gama magana a kan girki, ni ba ni da ta cewa a nan. Ɗacin kawai zan taɓa, don a kudancin Jojiya nake karatu, inda gonakin pikan suka fi yawa, musamman kewayen Albani.

Malama, in kin fasa pikan za ki ga ɓari biyu, a tsakaninsu akwai wani busasshen abu ja-ja mai kama da totuwa, kuma yana shiga cikin layukan nan biyu da ke bayan kowane ɓari. Wannan abin ɗaci ne da bauri kamar ɗanyen goro, ɗan ƙanƙani ya isa ya ɓata loma. Na kanti inji ya riga ya kaɗe shi, na gida kuwa sai an bi ɗaya-ɗaya da tsinken sakace ko sabon buroshin haƙori. Tunda kin ce wata lomar da daɗi wata da ɗaci, nan na fi zargi.

Na biyu shi ne mai. Kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayar pikan mai ne, shi ya sa take saurin lalacewa in ta ji ɗumi. Mai kyau launinta ruwan zuma ne mai haske, in kin karya ta ce ƙas. Wadda ta yi duhu, ko ta motse, ko kika ji warin tsohon man gyaɗa a jikinta, ki jefar. Yara in suna tsinta ba sa bambance ta bana da ta bara da ta kwana cikin ciyawa. Wadda kika ɗaga kika ji ba nauyi ma ba komai a cikinta. Kuma bokiti ba wurin ajiya ba ne, ki baza su a inuwa inda iska ke shiga su sha kamar sati biyu, duk da naki na farkon tsinta sun riga sun bushe. Wajen rabin nauyin ɓawo ne, don haka kofi 1 da rabi, kimanin giram 170, zai ci miki kusan giram 340 da ɓawonsa. In kina son ɓarin ya fito bai farfashe ba, ki zuba musu tafasasshen ruwa su yi minti 10, ki tsane sannan ki fasa. Bayan nan ki baza ƙwayar a faranti, obin a 350, minti 6 zuwa 8, har ƙamshi ya tashi. Kada ki bar wurin, tsakanin ƙamshi da ƙauri minti ɗaya ne.

Wani abu da nake so ki sani tunda kina yi wa dattijuwar nan ne. Bishiyar asalinta ta nahiyar nan ce, a daji take fitowa a kwarin kogin Misisifi da Teksas da Meziko, sunan ma daga harshen mutanen asali ya fito, ya biyo ta bakin Faransawan Luwiziyana. Matsalarta ita ce in ka shuka ƙwallo ba ka san abin da zai haifa ba, kamar dai mangwaro. Sai an yi mata aure, yadda muke cewa mangwaron aure. Mutumin da aka sani ya fara cin nasarar wannan aure a kan manyan bishiyoyin gona wani bawa ne mai kula da lambu, ana kiransa Antoine, a gandun Oak Alley a Luwiziyana, wajen 1846. Irin da ya fito daga hannunsa aka sa wa suna Centennial bayan baje kolin Filadelfiya na 1876. Duk lokacin da na shiga tsakanin layukan bishiyoyin nan sai na tuna shi, mutumin da ko sunan mahaifinsa ba a rubuta ba.

Kuma kada ki yi mamaki in baɗi bishiyoyin Kaka ba su yi kamar bana ba. Ɗabi'arsu ce shekara ɗaya su cika, ta gaba su yi ƙaranci. Abin da ya ragu ki ɓare ki sa a firiza, zai kai miki shekara biyu.


Mai kek a Zariya ta rubuta:

Hajiya ina wuni, Allah Ya ƙara lafiya. Na karanta bayaninki sau biyu har yawuna ya tsinke. Mu nan pikan sai a manyan kantunan Abuja ko Legas, in ma an samu kuɗinsa ba na gwaji ba ne, zumar masara ma haka. Ga gyaɗa kuwa sabuwa ta shigo kasuwa, ga mazarƙwaila. Za a iya da su, ko ɓata kaya zan yi? Obin ɗina na gas ne, ba lamba a jikinsa.


Hajiya ta Hiyuston ta rubuta:

Lafiya lau ƙanwata. Za a iya, kuma ba ke kika fara ba. A jihar Bajiniya, inda ake noman gyaɗa, pai ɗin gyaɗa suke yi da wannan haɗin, an san su da shi. Sai dai ki kira shi da sunansa, ɗanɗanon ba ɗaya ba ne. Pikan laushi ne da ita kamar bota, gyaɗa ta fi tauri da ƙarfin ƙamshi. Ki soya ta sama-sama, ki murje jan ɓawon, ki daddaka rabi, ki sa mata ɗan gishiri. Kashu ma zai yi.

Zaƙin kuwa, kafin zumar masara ta cika kantuna mutanen kudu abin da gonarsu ta ba su suke zubawa. A Luwiziyana zumar rake, har yau akwai masu yin ta. A Tenesi da Kentaki kuma zumar dawa mai zaƙin kara. Ranar da aka fara ba ni ita na tambaya da me ake yi, aka nuna min hoton gonar, sai na ga takanda ce, wadda muke sha muna yara, irin ma daga Afirka ya zo. Don haka mazarƙwaila ba baƙuwa ba ce a girkin nan. Ki farfasa ta, ki narka da ruwa kaɗan, ki tace da ƙyalle saboda tsakuwa da ɓurɓushin kara, ki mayar wuta har ta yi kaurin zuma. Ki matsa lemon tsami kamar cokalin shayi ɗaya tana tafasa. Amfanin zumar masara shi ne tana hana sukari komawa tsaki-tsaki in ya huce, tsamin ne zai yi miki wannan aikin. Ki bari ta huce sarai kafin ta haɗu da ƙwai. Ta fi zumar masara zaƙi, don haka sukarin ki sa rabin kofi.

Obin ki ba shi wutar da kike ba kek mai bota, matsakaiciya, ki dogara da gwajin kindirmo. In wutar lantarki ba ta zama a unguwarku, ki yi daidai wanda za a cinye a ranar.


Maƙwabciyar Kaka ta rubuta:

Hajiya, Malam, Allah Ya saka da alheri, Ya raya muku zuri'a. Na dawo in ba ku labari.

Hajiya, zarginki ya tabbata. Na rataya ma'aunin, na sa obin a 350, sai ga shi yana nuna 375. Shekara huɗu ina girki da shi ban sani ba. Malam, ranar Asabar na zaunar da yaran a kan tabarma, babban yana fasawa, ni da ta tsakiyar muna bi da tsinke. Jan abin nan da muka ciro ya kusa cika murfin kwalba. Na ɗanɗana kaɗan don in tabbatar, shi ne ɗacin sak. Mun kuma ware kusan kashi ɗaya cikin biyar da suka yi duhu.

Na yi na gwaji ranar Litinin, ya tsaya. Maigida ya tafi da rabi wurin aiki. Ranar Laraba na yi kwaɓi biyu tun da safe, ina shirin gasawa bayan la'asar sai ga motar 'yarta. Kaka ba ta ma shiga gidanta ba, kicin ɗina ta wuce, ta ja kujera ta zauna. Ta kalli gutsattsarin botar da ke cikin kwaɓin ta gyaɗa kai. Da na zo gyara bakin kwanon zan danna da cokali mai yatsu, sai ta ce in kawo. Yatsun ba sa lanƙwasuwa, amma ta sa gaɓar manuninta daga waje, ta ce in tura da nawa biyu daga ciki. Haka muka zagaye kwano biyu, ita tana dannawa ina tarewa. Bakin bai fito daidai ba, wani wuri zurfi wani wuri sama-sama, ban taɓa ko ɗaya ba.

Da ta ga ina zuba gishiri ta ce mahaifiyarta bota mai gishiri take sawa, shi ya sa babu shi a katin. Baƙar zuma na sa, da banila ta gari. A minti 30 na yafa alminiyam, a minti 55 tsinken ya nuna 200 a ɗaya, ɗayan sai da ya ƙara minti 5. Suka kwana.

Ranar Alhamis mu 19 ne a gidan. Ita ta riƙe wuƙar da hannu biyu ta yi yankan farko. Ta ɗaga shi a kan wuƙar ta leƙa gindin tukuna, ya yi ja, bai ɗiga ba, sannan ta ajiye a farantin babban ɗanta. Ya ci loma biyu bai ce komai ba, sai ya tambaye ta ko hannun ya warke ne. Ta nuna ni da haɓa.

Da daddare na mayar mata da katin. Ta ce in ɗauko biro in rubuta lambar a ƙarƙashin layin mahaifiyarta, don jikokinta ba za su san har ya yi ɗin ba sai da lamba. Na rubuta 200, na ƙara da awa huɗu kafin a yanka. Sauran pikan ɗin mun ɓare, leda shida, uku a firizarta uku a tawa. 'Yar'uwa ta Zariya, in kin yi na gyaɗar ki gaya mana yadda mazarƙwailar ta kama, ina so in gwada shi da ƙaramar salla in kai mata.